Garmahon Salihu Ɗan Garuwa

Watan jiya 'yata Arwa ta shigo mana gida a nan unguwar Utaibiyya ta Makka rungume da garmaho. A kasuwar gwanjo ta wajen Ka'akiyya ta samo shi, wai don ado a falo. Ƙaho ne kawai da ƙyalli, ko allura babu, da wayar hannu ake haɗa shi ya yi waƙa. Ta ce da araha ta saye shi, kusan kyauta. Ina jin haka raina ya ɓaci, na ce ta sauke mini shi daga kan teburin nan. Hausar Arwa ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba, saboda haka da Larabci na yi mata faɗan, da Larabci kuma na gaya mata dalili. Amma da Hausa abin ya faru, da Hausa kakata Sitti Kabira ta ba ni labarin, shi ya sa nake so in ajiye shi a haka.

Salihu shi ne mahaifin Sitti Kabira. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja. Ya taso da ƙafa shi da matarsa Safiyatu bayan shigowar Turawa, suka nufo gabas. Suna tafe suna yada zango, su yi ƙodagon noma a nan, su yi tsinkar auduga a can, har shekaru suka shuɗe. 'Ya'ya biyu suka binne a hanya. Ranar da ya ga Ka'aba da idonsa ya ce shi kam ya gama tafiya a duniya. Daga nan burinsa ya zama guda ɗaya tak: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala. Mu da aka haifa a garin nan ba mu san girman wannan ba, muna jin ana kiran sallar gawa muna duba waya. Shi kuwa idan ya bi ta gefen maƙabartar sai ya rage sauri yana leƙe, kamar mai duba filin da zai gina.

Suka zauna a unguwar mutanenmu ta wajen Misfala, cikin bukkokin kara da buhu da faffaɗan gwangwani, inda idan ka yi tari maƙwabcinka zai ce maka sannu. Ya kama sana'ar garuwa. Garwa biyu ta kananzir a jikin sanda, ya ciko a matattarar ruwa, ya hau benayen mutanen gari yana gyaran murya don mata su kauce. Sitti Kabira ta ce kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.

Ba zan rufa masa asiri ba don yana uban kakata, Salihu matsoraci ne na gaske. Ba shi da takarda, ba shi da dangi, ba shi da wani babba da zai tsaya masa, kuma kullum yana tafe da wannan a ransa. Idan ya hango mai sanda, wato ɗan doka, a bakin lungu sai ya sake hanya, ko da ruwan a kafaɗarsa. Idan aka cuce shi a kuɗin ruwa ya yi godiya ya sauko. Abin da yake gudu shi ne ya yi wani laifin da za a ce ya bar garin. Ba ya dariya sam. Ba don fushi ba, damuwa ce ta zauna masa a fuska har ta zama kamanninsa, abokan aikinsa suna ce masa Salihu Mai Zaman Makoki.

To, Safiyatu kuma idanunta suka fara mutuwa. Tun a hanya suke ciwo, a Makka yana ta rufe su gaba ɗaya. Mace ce da a da ba ta zama shiru, ga waƙar daka, ga tsokana. Rashin 'ya'yan ya rage ta, makantar ta ƙarasa. Zai fita da asuba ya bar ta zaune tana fuskantar bango, ya dawo da azahar ya same ta a haka. Idan ya yi mata magana ta amsa da kalma ɗaya. Shi kuma ba gwanin hira ba ne, sai ya zauna kusa da ita su yi shirun tare. Abin yana cinsa, bai san yadda zai yi ba.

Wata rana yana hawa da ruwa a gidan wani attajiri ya ji kiɗa daga ɗakin sama, da muryar namiji, ga mata suna ta ƙyaƙyata dariya. Ya tsaya a matakala ruwa na ɗiga masa a ƙafa. Da ya shiga juye ruwan ya saci kallo, sai ya ga ba wani namiji, garmaho ne, wani ɗan akwati da baƙin faifai yana juyawa a kansa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wata tsohuwa a cikinsu, makauniya, ta fi kowa dariya har tana dukan cinya. Daga ranar duk sa'ad da ya kai ruwa gidan sai ya kasa kunne.

Ana nan mulkin garin ya sauya hannu. Salihu bai damu da sanin wa ya tafi wa ya zo ba, shi dai a bar shi da garwarsa. Sai ga shi wata safiya wakilin gidan attajirin nan ya yafuto shi zuwa bayan gida, ya ce ya lura yana son akwatin nan, ko zai saya? Kuɗin da ya faɗa bai kai na tsohon bargo ba. Ga mutumin da idan zai sayi albasa sai ya juya ta ya shinshina, amma ranar bai tambayi dalilin arahar ba. Wakilin da kansa ya saka masa akwatin cikin garwa, ya jera faya-fayan a ɗayar, ya rufe da buhu, ya ce ya bi ta ƙofar baya. Ko wannan bai sa ya farga ba. Ya taho gida yana jin shi ma yau ya yi dabara a duniya.

Kafin ya isa wasu faya-fayan sun fashe da girgizar tafiya. A cikin waɗanda suka tsira akwai wani da ba waƙa ba ne. Wani mutum ne yake fara busa, sai busar ta ƙwace masa, ya fashe da dariya, ya yi ƙoƙarin dainawa ya kasa, ya yi ta yi har da shessheƙa. Babu Larabci a ciki babu Hausa, ba sai an fassara wa kowa ba. Salihu ya wana hannun akwatin kamar yadda aka nuna masa, ya ɗora allura. Safiyatu ta juyo daga bango. Ta saurara, kafaɗunta suka fara rawa, can sai ga dariya ta ƙwace mata ita ma, har hawaye. Ta ce a sake. Rabon da ya ji wannan sautin daga bakinta tun kafin su binne ɗansu na biyu.

Washegari ya bi ta kasuwa ya tarar da taro. An tara akwatuna irin nasa da kayan kiɗa ana farfasawa. Abokan aikinsa suka ce ai kwanaki ke nan da yin shela an hana su, duk wanda aka kama da shi zai yaba wa aya zaƙinta, baƙo kuwa sai dai ya nemi jirgin komawa inda ya fito. Ko haka dokar take, ko ƙarin gishirin 'yan garuwa ne, ban sani ba, shi dai ya gaskata. Ya ruga gidan attajirin, wakilin ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai taɓa sayar masa da komai ba.

Ya dawo gida da niyyar ya kai abin bayan duwatsu ya binne. Ya gaya wa Safiyatu. Ba ta yi musu ba, ba ta roƙe shi ba, ta ce kawai ya miƙo mata ta taɓa kafin ya tafi da shi. Ta shafa murfin, ta shafa hannun wanawa, ta miƙa masa, ta juya bango. Ya tsaya da akwatin a hannu har ƙafarsa ta gaji. Daga ƙarshe ya ɗaga tulun ruwansu, ya tona rami a ƙarƙashi, ya saka shi a ciki.

Daga nan ya kafa dokoki. Ba a kunnawa sai yana gida, kuma sai da tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Ya cusa tsumma a bakin da sautin ke fita. Allurar ƙarfe ta cika ƙara, sai ya koma tsinko ƙaya a bayan gari, irin ta bagaruwa, yana fere ta da wuƙa. Da ƙaya muryar takan fito ƙasa-ƙasa, sai ka matso da kunne, kuma kowace ƙaya sau ɗaya take aiki ta dakushe. Safiyatu ta kwanta ta kai kunnenta jikin akwatin tana dariya cikin mayafi, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa ya tokare tabarmar ƙofar da bayansa. Sitti Kabira ta ce ubanta bai taɓa sauraron faifan nan daga farko har ƙarshe ba, kunnensa yana waje yana jiran takun ƙafa. Ita ta yi kumari, ta koma daka da tsokana. Shi ya rame, abinci ba ya shiga, ko kaza ce ta taɓa tabarmar ƙofa sai ya zabura. A haka suka ci fiye da shekara.

Lokacin aikin Hajji ne abin ya lalace. Gari ya cika, ruwa ya yi tsada, ɗan garuwa ba ya ganin gida sai bayan magariba. Safiyatu ta yi haƙuri kwanaki, ran nan kaɗaici ya ishe ta. Ta ture tulun, ta ciro akwatin, ai hannunta ya riga ya san komai nasa. Ta laluba ƙaya ta tarar sun ƙare, sai ta ci karo da ɗan gwangwanin allurar ƙarfe a cikin murfin. Ga shi wajen cirowa tsumman ya zame ba ta sani ba. Tana ɗora allurar dariyar mutumin ta cika bukkar ta fita waje. Ta ruɗe, ta kai hannu ta kasa samun abin ɗagawa, kafin ta tsayar da shi mutumin ya yi dariyarsa ya ƙoshi.

Maƙwabciyarsu Hafsa tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai. Namiji yana dariya a ɗakin matar da mijinta ke wajen ruwa, kuma kowa ya san Salihu ba ya dariya. Ba sai na faɗi yadda zancen ya yaɗu ba. Mata suka daina shigowa ɗiban wuta. Idan Salihu ya iso matattarar ruwa sai hira ta mutu. Shi ya san gaskiya, don a ranar ta gaya masa tana kuka, amma gaskiyar tana ƙarƙashin tulu, fito da ita kuwa daidai yake da fita daga Makka.

Malam Abdulganiyyu, wanda shi ne babba a unguwar, mai raba gardama da ɗaura aure, ya kira shi bayan la'asar. Ya yi masa magana a hankali. Ya ce ba a son tonon asiri, ya sallami matarsa shiru, za a sama mata wuri a gidan da ake ajiye mata marasa galihu, jama'a za su ci da ita. Salihu ya sunkuyar da kai ya ce ai shi ne ya yi dariyar.

Malam ya ce, "Salihu, ka ji tsoron Allah. Tun zuwanka garin nan ko haƙorinka ban taɓa gani ba. Kuma ranar mutane sun gan ka a layin ruwa."

Ya ba shi zuwa bayan sallar Juma'a ya yi shawara.

Kwanakin nan Salihu ya yi su kamar marar lafiya. Ya zubar da ruwa a matakalar mutane, ya kai wa wannan gida ruwan wancan. Ranar Alhamis ya je Ma'ala ya tsaya a bakin katanga ya daɗe yana kallo. Da ya koma gida ya tarar Safiyatu ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ƙunshi, ashe maganar Malam ta riga shi isowa.

Ta ce, "Maigida, ka sake ni kawai. Ni na jawo. Allah ya san ban yi komai ba, wannan ya ishe ni. Kai ka sha wuya kafin ka ga garin nan, kada ka rasa makwancinka saboda ni."

Ya karɓi ƙunshin ya kwance, ya mayar da kayan inda suke.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya saka akwatin da faifan a garwa ɗaya ya rufe da buhu, ya zuba ruwa a ɗayar don sandar ta daidaita. Gidan Malam yana can ƙarshen unguwa, sai an ratsa babbar hanya. A nan wani mai sanda ya tsayar da shi ya ce ya ba shi ruwa. A garin nan ɗan garuwa ba ya hana mai ƙishirwa, ko waye. Ya sauke garwar biyu a gaban mutumin, ya ɗebo a moɗa, rabin ya zube kafin ya miƙa masa. Mutumin ya sha, ya dubi garwar da ke rufe, ya dubi Salihu da gumi ya jiƙe, ya tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. Ya ce e. Mutumin ya yi masa addu'ar samun sauƙi ya wuce.

Dattawa suna zaune a rumfar Malam Abdulganiyyu. Salihu, wanda bai taɓa ɗaga murya a gaban manya ba, ya ce ba zai yi magana ba sai an kira Hafsa da sauran matan sun tsaya a bayan zana. Aka kira su. Ya fito da akwatin ya ajiye a tsakiyar tabarma. Wasu suka ja da baya kamar sun ga maciji. Ya zare tsumman, ya saka allurar ƙarfe, ya wana, ya ɗora.

Mutumin ya fara busarsa ya fashe da dariya. A rumfar babu wanda ya ko murmusa. Wani dattijo ya tashi da sauri ya leƙa lungu. Malam yana ta nuni da hannu a kashe, a kashe, Salihu ya ƙi, ya tsaya a kan akwatin yana kallon zanar. Sai da muryar Hafsa ta fito daga baya tana cewa wallahi ita ce, wannan muryar ce ta ji, sannan ya ɗaga allurar.

Malam Abdulganiyyu ya yi abin da ya kamata a kan Safiyatu, ba zan hana shi wannan ba. Da ƙafarsa ya je ƙofar bukkar ya nemi gafararta a madadin jama'a, Hafsa ta durƙusa tana kuka. Amma kafin magariba an saka taɓarya an farfasa akwatin da faya-fayan, an binne tarkacen. Sannan dattawan suka zaunar da Salihu. Suka ce kunnuwa da yawa sun ji, idan zancen ya fita unguwar duka za ta shafa, ga mafi yawansu ba takarda. Ya bi ayarin alhazai masu komawa, ya ɗan ba da baya, idan abin ya lafa ya dawo. Har yau ina jin haushin dattawan nan, ko da yake na san irin tsoron da ke cinsa ne yake cin su. Salihu ya ce to, don dama ya san haka za a yi tun kafin ya ɗaga tulun.

Suka bi raƙuma zuwa Jidda, suka shiga jirgin ruwa suka tsallaka Suwakin, a gaɓar Sudan. Abin bai lafa masa ba. Hanya ta koma sai da takarda da guzuri, gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai kuma ga ciki bayan an fid da rai, aka haifi Kabira. Ya ci gaba da garuwarsa a can.

Farkon zuwansu Safiyatu ta koma fuskantar bango, wannan karon da nauyin abin da ta jawo masa. Ran nan da tsakar rana ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yadda ya saba. Ya yi gyaran murya, ya kwaikwayi busar, sannan ya gwada dariyar mutumin faifan. Sitti Kabira ta ce uwarta ta ce ba ta taɓa jin abu marar daɗi irinsa ba, kamar akuya ta ƙware da dusa.

Ta juyo ta ce, "Wane ne nan?"

Ya ce, "Ni ne."

Ta ce, "Sake yi in ji."

A Suwakin ya rasu, a can aka binne shi, teku tsakaninsa da Ma'ala. Kabira ce aure ya kawo Makka daga baya, mu duka daga ita muka fito. Ta ce tana yarinya ta ɗauka kowane uba haka yake, ya dawo da azahar ya zauna a ƙofa ya yi wa matarsa dariya.

Na taɓa tambayarta ko daga baya ya haƙura da Makka. Ta ce ina, ko kwana ɗaya bai haƙura ba. Idan lokacin Hajji ya zo shi ke kai ruwa bakin jirgi, ya shayar da maniyyata, ya tsaya yana kallonsu suna shiga ɗaya bayan ɗaya har jirgin ya ɓace, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya saɓi sandarsa ya taho gida. A bakin ƙofa yakan tsaya ya goge fuskarsa da gefen riga, ko da yake ba ganinsa za ta yi ba, ya zauna, ya fara busar.